Ɗiyata, ga zancen rantsuwar da kika tambaya

Saƙonki ya iso ranar Talata da dare, ƙaninki ya kunna mini muryar har sau biyu. Da fari dariya ta kama ni, jin yadda kika kwaikwayi matar nan da ta ce miki, "In dai da gaske uwar kuɗin kenan, to rantse." Can kuma dariyar ta ɗauke, na kwana da abin a raina. Kin tambaya ko hanin da aka yi muku tun kuna ƙanana, cewa kada a ji "wallahi" ko "na rantse" a bakin ɗan gidanmu, al'adar gida ce kawai ko kuwa Littafi Mai Tsarki ne ya faɗa. Kika ƙara da cewa tunda yanzu atamfa kike sayarwa ta waya, masu saye kuma ba sa yarda sai an rantse, ko akwai laifi ki riƙa faɗa iya baki, ba har zuci ba. Wannan "iya baki" ɗin naki shi ya hana ni barci.

Kakanku, mahaifinmu, bai tashi cikin bishara ba. Gidan Maguzawa ya fito, kuma a wurinsu rantsuwa ba abin wasa ba ce. In mutum ya ce "kwarankwatsa" ko "aradu", ransa ya jingina. Wanda ya san ya yi ta a kan ƙarya ba ya sakewa duk ranar da hadari ya haɗo daga gabas. Da suka karɓi bishara sai suka ajiye wannan rantsuwa tare da sauran kayan tsafi, kuma ba su nemo wata suka sa a gurbinta ba. Akwai waɗanda suka ce tunda an bar aradu, a riƙa dafa Littafi. Tsofaffi suka ce a'a, ai shi Littafin da kansa ya hana. Na kakanku tsohuwar fassara ce ta 1932, mai baƙin bango, wadda a cikinta Matiyu yake Matta, Yakubu yake Yaƙub, Karin Magana kuma Misalai. Buɗe Matiyu 5:33-37. Ubangiji ya ce kada a rantse ko kaɗan, ko da sama, ko da ƙasa, ko da Urushalima, ko da kan mutum, tunda ko gashi ɗaya ba mu iya mayar da shi fari ko baƙi. I ta zama i, a'a ta zama a'a. Yakubu ya maimaita wannan a 5:12. To Littafi ne ya fara faɗa, gida ya ɗauka ya riƙe.

Amma kakanku ba ya yawan jawo aya in yana yi mana faɗa. Rumbu yake nuna mana. Yakan ce, "Rumbun da ya zauna daidai a kan duwatsunsa ba ya neman tokara. In kun ga an tokare shi da itace, ya karkace ne." Wato duk wanda maganarsa ba ta tsayawa sai da wallahi, shi da kansa ya shaida cewa wadda ba wallahi a cikinta ba abin dogara ba ce. Ya raba bakinsa gida biyu kenan, ɗaya na gaske, ɗaya na yau da kullum.

Akwai wata Asabar da har yanzu tsofaffin garinmu suke tunawa. Bayan godiyar kaka ce, an tara dammunan dawa da gero a rumbun ikkilisiya da ke bayan majami'a, washegari kuma za a ci Jibin Ubangiji. A wancan lokaci dattawa sukan zauna ranar Asabar ɗin a kan tabarma a gindin ɗorawa, duk mai wata ƙullalliya da ɗan'uwansa ya zo a warware kafin a kusanci teburi. Magana ta riga ta cika gari cewa ma'aji ya zari dami biyu na dawa daga rumbun, ya sayar a kasuwa, ya sayi sabuwar taya ya sa wa kekensa. Da hantsi sai ga shi ya taho, idonsa ja, da Littafi a hannu. Ya durƙusa ya ɗora shi a ƙirji, ya ce a bar shi ya rantse a gaban kowa.

Kakanku ya miƙa hannu biyu ya karɓi Littafin, ya goge ƙurar bangon da hannun rigarsa, ya ajiye a gefen tabarma. Ya ce, "Wannan na karantawa ne. Zauna." Sa'an nan ya aika aka kira matar da aka ji maganar a bakinta a taron Zumuntar Mata. Abu uku ya tambaye ta, kuma su ya yi ta maimaita wa duk wanda aka kira a ranar: da idonki kika gani? In ba haka ba, wa ya gaya miki? Faɗi yadda ya faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage. Ta ambaci wadda ta gaya mata, aka kira ta. Haka aka yi ta bin sawun maganar kamar masu bin sawun akuyar da ta ɓata, rana na ta yin sama, yara sun zagaye daga nesa, ba wanda ya tashi cin abinci. Wani ya so ya noƙe, ya ce shi ba ya son kama suna. Kakanku ya ce, "Wanda ba ka iya ɗaukar sunansa, don me ka ɗauki maganarsa?" Dole ya faɗa.

Baki bakwai aka bi kafin a iske tushe. Wata budurwa ce da ta ce a bakin rijiya, "Jiya da magariba na ga ma'aji ya fitar da dami biyu a kan jaki." Gaskiya ta faɗa, haka aka yi. Ta biyu ta ɗauka ta sa "wai" a gaba. Ta uku ta ƙara da "ko ina ya nufa da su a duhu?" Na huɗu ya amsa tambayar da kansa, ya ce gidansa. Na biyar shi ya lura da sabuwar taya. Ta shida ta haɗa tayar da dawar ta ɗaure. Ta bakwai kuma ta kai Zumunta, ta ce a sa ma'aji a addu'a don Shaiɗan ya jarabce shi da kayan Ubangiji. A cikin su bakwai ɗin nan babu ko ɗaya da ya ɗauki kansa maƙaryaci. Kowa ɗan tsinke ɗaya ya ƙara.

Su kuwa dattawa tun farko sun san inda dawar ta je, don su suka aike shi. Wata gwauruwa ce mai marayu aka kai wa, aka zaɓi magariba don kada a kunyata ta. Tayar kuma akuyarsa ya sayar ya saya. Ma'aji ya gwammace a kira shi ɓarawo da ya tona asirin matar, shi ya sa da ya rasa abin faɗa ya ɗauko rantsuwa. Dattawa suka shaida a gaban jama'a cewa da umarninsu aka fitar da hatsin, ba su ƙara ko kalma a kai ba. Hukuncin da aka yanke shi ne kowane ɗaya ya koma wurin wanda ya gaya wa, ya ce abin da ya ƙara da bakinsa, sa'an nan ya je ƙofar gidan ma'aji ya roƙi gafara, duka kafin rana ta faɗi. Ta bakwai kuma aka ce sai ta miƙe tsaye a taron Zumunta na gaba ta janye, don kakanku ya ce inda aka zubar, nan ake kwashewa. Har wannan gwauruwa ta rasu ba a ji sunanta a zancen ba.

Kin ga ban tsaya kan wallahi kaɗai ba, don ba ita kaɗai ba ce. Rantsuwa, tsegumi, ƙarin gishiri, habaici, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma horon da aka ba mu a kansu ɗaya ne. Ga yadda ake yinsa, in kina so ki gwada.

Makon farko ba a faɗa da baki, ƙirga kawai ake yi. Da safe ki ƙulle ƙwayar masara ashirin a gefen zane, ko ki zuba a aljihun jaka na dama. Duk lokacin da rantsuwa ta suɓuce, ko kika faɗi abin da kika san ba haka yake ba, ko kika taɓa wanda ba ya wurin, ki mayar da ƙwaya guda zuwa ɗaya gefen. Da dare ki ƙirga. Amfanin wannan shi ne yawancin mutane ba sa jin bakinsu. Wadda za ta ce miki ita sam ba ta rantsuwa, in ta gwada masarar nan takan ƙare mata kafin azahar. Ki lura kuma da lokacin da ƙwayoyin suka fi tafiya: wurin ciniki ne, ko in kin makara, ko in kina tare da wata ƙawa guda ɗaya. Nan ƙofar take.

Mako na biyu ake fara gyara, kuma nan take ake yi. In ta fita, ki tsaya, ki sake faɗin maganar ba tare da ita ba. In ƙarya ce, ki ce, "Tsaya, abin da na faɗa yanzu ba haka ba ne," ki faɗi yadda yake. Da nauyi ƙwarai, kuma nauyin nan shi ne maganin. Bakin da ya san za a sa shi ya kwashe a gaban mutane yakan fara taka-tsantsan. Wadda ba a gyara a take ba, a gyara kafin kwanciya. Bulus ya sa faɗuwar rana ta zama iyakar fushi a Afisawa 4:26, mu kuma aka ɗora mana ita a kan ƙarya, don in ta kwana sai ta nemi 'yar'uwa ta tokare ta. Wurin neman gafara kuma kada ki ce "in na ɓata miki rai." Babu "in" a ciki. Ki kama laifin da sunansa: na ce kaza, ba gaskiya ba ne, na kuma gaya wa wance, zan je in gyara a can ma.

Daga mako na uku ki nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, wadda take jin bakinki kullum kuma ba ta jin tsoronki, ki ba ta izini ta tsayar da ke. Da safe, kafin ki taɓa waya, ki yi addu'a da Zabura 141:3, inda Dawuda ya roƙi Ubangiji ya sa mai tsaro a ƙofar bakinsa. Da dare ki rufe da ayar ƙarshe ta Zabura 19, wadda ta haɗa maganar baki da tunanin zuciya. Kada ki bar addu'ar ki riƙe masarar. Yakubu 3:8 ya ce ba ɗan adam da zai iya horar da harshe da kansa, kuma gaskiya ya faɗa.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne sauya wa rantsuwa riga. An bar wallahi, an koma "tsakani da Allah," "Allah na gani," "na rantse da ran uwata." Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na 'yan yanzu, "da sunan Yesu ban yi ba." Wannan ai ya fi na farkon muni, a kai doka ta uku cikin Dokoki Goma take, Fitowa 20:7. Ko "gaskiya" da "a gaskiya" in sun yi yawa tokara ce. Wani wurin lalacewar kuma shi ne a datse baki a bar zuciya. Ubangiji ya ce abin da ya cika zuciya shi baki ke fitarwa. Dubi Bitrus a farfajiyar babban firist, Matiyu 26 daga aya 69. Karo na farko musu kawai ya yi. Na biyu ya haɗa da rantsuwa. Na uku har da la'antar kansa. Tsoro ne ke hawa, rantsuwa na bin sa. Saboda haka duk ƙwayar da kika mayar, ki tambayi kanki me ya tura ki: tsoro ne, kunya ce, kwaɗayin riba ne, ko so a ce kin fi kowa sanin labari.

Yanzu ga kasuwarki. Ciniki ba ƙarya ba ne. Ki sa suna, a taya, ki ce albarka, a ƙara, ki sallama, duk wannan kowa ya san yadda yake tafiya. Ƙarya tana shigowa ne wurin da kika ambaci abin da mai saye ba ta iya gani: "uwar kuɗi ma ba ta fito ba," "saura ɗaya," "yanzu wata ta taya fiye da haka," "ba ta zuba," ko kiran atamfa Holan alhali kin san inda aka buga ta. Karanta Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar Hananiya tasa ce, kuɗin ma nasa ne, Bitrus da kansa ya gaya masa haka. Ba wanda ya tilasta musu su kawo duka. Amma da aka tambayi matarsa Safiratu nawa suka sayar, sai ta tabbatar da kuɗin da ba shi ba ne. Ke ma ba dole ba ne ki gaya wa kowa nawa kika saro. In an matsa, ki ce, "Kuɗin sari sirrin sana'a ne, amma ga abin da zan iya sallamawa." In aka ce ki rantse, ki ce da fara'a, "Ni ba na rantsuwa. Yadi shida ne cif, ki auna. In ta zuba a wankin farko ki dawo mini da ita." In kuma aka dawo da ita, ki karɓa ba gardama. Wasu za su tafi wurin mai rantsuwa, kuma za ki yi asarar cinikin ranar. Waɗanda suka auna suka ga shida ne su za su turo miki 'yan'uwansu. Hoton da kike turawa ma magana ce. In kin ƙara masa haske har launin ya sauya, kin faɗi abin da ba shi ba ko da ba ki buɗe baki ba.

Kada ki ɗauka maƙwabtanmu Musulmi sun mai da abin wasa ne. Malamansu suna tsawatarwa ƙwarai a kan rantsuwar ƙarya wurin ciniki, kuma karya rantsuwa a wurinsu har kaffara gare ta. Sakacin bakin zamani ne ya kama kowa. Ba naki ba ne ki gyara wa mai saye bakinta, naki kawai za ki riƙe.

Za ki ce to "lafiya lau" fa, in mutum bai kwana lafiya ba? Ko baƙon da ya ce ya ƙoshi don kara? Iyayenmu ba su ɗauki gaisuwa ƙarya ba, don mai tambaya da mai amsa duk sun san gaisuwa ce, labarin ciwon yana zuwa bayan an zauna. Ma'aunin da innarmu ta ba mu shi ne: shin mutumin zai ɗora wani abu a kan maganar? In kin ce "ina hanya" alhali ko wanka ba ki yi ba, wata ta bar girkinta ta fito bakin titi tana jiranki. In kin ce "gobe zan turo kuɗin" kin san babu, wani ya yi wa mai shago alkawari a kan gobenki. Alkawari kaya ne. Mafi muni kuma aika yaro ya ce "ba ta nan." Da bakinki kika koya masa, ranar da ya juyo miki da ita kuma ki ɗauki bulala. Ki ce masa ya ce kina hutawa, a dawo da yamma.

Ga wani ramin kuma a ɗaya gefen. Wasu da sun fara wannan horo sai su zama masu baƙar magana, su yanki mutum a tsakar taro su ce "ai ni gaskiya nake faɗa." Ba kowace gaskiya ce taki ta faɗa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ma'ajin nan ya yi shiru a kan gwauruwa, bai kuwa yi ƙarya ba. Kolosiyawa 4:6 ya kwatanta magana da abin da aka sa wa gishiri, ke kuma kin san miya: tsunkule ɗaya ke gyara ta, cikin hannu ya ɓata tukunya. In 'yar'uwa ta yi miki laifi, Matiyu 18:15 ya ce ku biyu kaɗai tukuna. In ba ta ji ba ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikkilisiya. Ku yanzu daga ƙarshen kuke farawa. Tun ba a yi sallama da mai laifi ba an rubuta habaici a WhatsApp, kowa ya gani ya san da wa ake.

Abin da ke damuna da zamaninku kenan. A da sai magana ta bi baki bakwai, ta kwana uku tana yawo, kuma ana iya bin sawunta a wuni ɗaya. Yanzu yatsa ɗaya ke tura ta gida ɗari, wa zai bi ya kwashe? Karin Magana 26:20 ya ce in ba itace wuta takan mutu. In an turo miki maganar wani, ki yi wa mai turowa tambayoyin kakanku guda uku. In ba amsa, ta mutu a wayarki. A Zumunta kuma, in za a roƙa wa wani addu'a, sunansa da "yana cikin damuwa" sun isa, Ubangiji ba ya bukatar a ba shi labari dalla-dalla. Sa'an nan ina jin yadda iyaye mata matasa ke kiran 'ya'yansu in rai ya ɓaci, "ɗan banza," "shegiya," "ba za ka yi albarka ba," da bakin da aka rera waƙa da shi ranar Lahadi. Yakubu ya tambaya ko ido ɗaya na ruwa zai fitar da mai daɗi da mai ɗaci. Bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Ki fara tsare wannan tun kafin Allah ya ba ki naki.

Kin kuma taɓo zancen kotu, ko in an kira ki shaida za ki dafa Littafi. Nan masu bi ba su zama ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda bishara ta iso musu ta Garkida a 1923, iyayen ikkilisiyarsu tun daga Jamus sun tsaya a kan cewa ba rantsuwa ko a gaban alƙali. Wasu kuma suna nuna cewa Bulus ya kira Allah shaida a Romawa 1:9, kuma Ubangiji ya amsa lokacin da babban firist ya gama shi da Allah, don haka suna ganin ta gaban hukuma daban take da ta kasuwa. Dokar ƙasa dai ta ba mai shaida dama ya yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da rantsuwa ba, in ya nemi haka. Ki zauna da fastonku a kan wannan kafin ranar ta zo, kada sai kina tsaye a gaban alƙali.

Ki fara da masarar ranar Litinin. In kin zo Kirsimeti ki gaya mini nawa suka rage a ƙullin ranar farko, da nawa a ta bakwai. Ki taho mini da atamfa ɗaya mai ruwan ganye irin ta hoton nan, zan biya yadda kika sa. Ki gai da maigidanki da surukarki.

Goggonki